Abin da Ya Rage a Rariya

Goggona, yayar mahaifina, tana da injin niƙa a bayan filin ƙwallo. Ban san wani mahaluki da ya kai ta bin wasan yaran da ke horo a filin nan ba, amma har bara ba ta taɓa ganin fuskar ɗan wasa yana cikin fili ba. Ƙafafu kawai take gani, daga gwiwa zuwa ƙasa.

Filin na makarantar koyon ƙwallo ne ta kulob ɗin garinmu, wadda masu harkar suke kira akademi. Sun kewaye shi da katangar kwano, sai dai wanda ya yi musu aikin ya bar rata tsakanin ƙasa da gindin kwanon, wai don ruwan sama ya samu hanyar wucewa. Filin ya ɗan fi layinmu tudu. Idan Goggo ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno a ƙofar shago, idonta yana daidai da bakin ratar, sai ta hango tun daga wannan raga har waccan, amma an yanke mata duk abin da ya haura gwiwa. Shagona na gyaran waya yana manne da nata, kuma gidanmu ɗaya, ni ne a ɗakin ƙofar gida. Na taɓa zama a kujerar don in ga abin da take gani, ban jima ba wuyana ya ƙage, na tashi ina mita. Ita kuwa ta shekara da shekaru a haka.

Ba da ƙwallo ta tashi ba. Mijinta ne mai injin, ita tana gida. Da ya rasu ya bar mata injin da ɗa guda, dangi suka taru suna shawarar wanda za a damƙa wa, suna cikin shawarar ta ɗaura ɗankwali ta je ta buɗe shago. Bel ɗin injin ya taɓa fizge mata mayafi, ya taɓa cin ɗan yatsanta na hagu har ya bar shi a karkace, amma ba ta fasa ba. Abin da injin ya ƙwace mata gaba ɗaya shi ne rabin jinta. Yanzu idan kana magana da ita sai ka ɗaga murya, ita ma da ƙarfi take yi, ko sirri za ta faɗa maka sai masu jiran mota a bakin titi sun ji. Girarta kullum fari fat da gari, har yaran layi suna ce mata ta tsufa tun daga gira.

Ɗauke wuta ne ya jawo kallon. Idan wuta ta tafi inji ya yi shiru, masu niƙa su jera kwanukansu su tafi, ita kuma ba ta iya zaman banza ba. Da fari tsaki take yi idan ƙwallo ta daki kwano. Daga baya ta fara leƙawa don ta ga wane mara kunya ne. Kafin in ankara ta raɗa wa kowace ƙafa suna. Akwai Gwame, akwai Tsinke, akwai Taɓarya mai ƙwauri kamar an sassaƙa, akwai Mai Tabo, akwai wani da take kira Gudu-Ba-Dalili saboda duk inda ƙwallo ba ta, nan zai nufa da gudu.

Ni mai kallon manyan wasanni ne a talabijin, ina ji da kaina a harkar, don haka na ɗaura niyyar in koya mata. Na sha wahala. Ta daɗe tana tausaya wa mai tsaron raga, a zatonta horo aka ba shi.

"Ɗan nan," ta ce da ni wata rana, "je ka tambayo min laifin da yaron can ya yi. Kullum shi kaɗai a tsaye a bakin raga, 'yan uwansa na wasa."

"Goggo, aikinsa ke nan. Gola ne."

"To uwarsa ta sani?"

Ranar da na ce zan bayyana mata satar gida, na jera batiran waya a kan benci, wannan ɗan gaba, wannan ɗan baya, na yi bayani har maƙogwarona ya bushe. Ta saurara da kyau, ta kaɗa kai, sannan ta ce, "Wato a wasan nan laifi ne mutum ya riga kowa zuwa wurin aiki." Na kwashe batirana. Maganar buga ƙwallo da kai kuwa har yau ba ta gama yarda ba, tunda ba ta taɓa gani ba. Cewa take yi, "Da kai? Kan da za su yi karatu da shi?"

Amma tana da nata hanyoyin. Idan ta ga ƙafafun gefe ɗaya sun ɓace sama gaba ɗaya, ta san an ci, tsalle suke yi. Idan ta ga sun taru wuri ɗaya ba motsi, ta san faɗa ake yi musu. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ba ta damu da wanda ya yi nasara ba. Na sha tambayarta nawa-nawa aka tashi, sai ta ce oho, amma Mai Tabo yau ba shi da lafiya, ko kuma Tsinke ya samu sabon takalmi ya yi masa yawa. Wani lokaci ta canka daidai, wani lokaci ta zuba shirme. Ta taɓa kwashe wata guda tana yabon Gwame, ashe Gwame ya karye yana gida, ƙanensa ne ya gaji takalmin da gwamen duka.

Sau da yawa na ce ta zo in kai ta ciki ta zauna a benci kamar kowa. Ba ta taɓa yarda ba. Ta ce wa zai tsare mata inji, kuma ma me za ta gani a sama wanda ba ta gani a ƙasa ba. Na yi ta juya wannan amsar a raina ban samo mata kai ba, na dai lura ko an dawo da wuta takan ɗan yi jinkiri kafin ta tashi.

A ƙarshen kowace kakar wasa akademi takan zaɓi yaran da za ta ci gaba da su, ta sallami sauran. Yaran da iyayensu suna kiran wannan rana tankaɗe. Goggo ta ji daɗin kalmar, ta ce ashe masu ƙwallo ma sun san sana'a. Amma ba ta son abin da ke biyo bayanta, domin mako na zagayowa sai ta nemi wasu ƙafafun ta rasa. Sai ta hana ni sakat. Ina Gudu-Ba-Dalili? Ina mai safa ɗaya a zube? Haka zan bar wayoyin mutane in shiga tambaya, in dawo in ce mata wannan ya koma makaranta, wancan yana koyon gyaran babur. Sai ta ce Allah ya yi masa albarka, ta koma kan niƙanta.

Duk wannan kallon nishaɗi ne har ranar da ƙafafun gidanmu suka shiga filin.

Jikanta ne, ɗan Yaya, wato ɗanta guda ɗin nan. Auren iyayen yaron ya mutu tun yana rarrafe, uwar ta yi aure nesa, Yaya kuma yana aikin walda a wani gari, sai a yi watanni ba mu gan shi ba. A hannun Goggo yaron ya tashi. A kan buhunan hatsi ya koyi zama, a jikin kujerarta ya koyi tsayuwa. Maigida take kiransa, tun yana jin haushi har ya saba, yanzu duk layin haka ake ce masa. Idan ya yi mata laifi ta ce za ta sake shi ta auri mai hankali, shi kuma ya ce ai shi ya taimaka mata, wa zai kwashi mai farin gira.

Da aka ɗauke shi a akademi, Goggo ta matsar da kujerarta har bakin kwata. Ba ta raɗa wa ƙafafunsa suna ba. Da na tambaye ta dalili ta ce ƙafar da ta wanke da hannunta ba ta bukatar laƙabi. Ɗan tsakiya ne, ba shi da gudu sosai, amma yana da natsuwa, kafin ƙwallo ta iso shi ya riga ya san inda zai aika ta. Ni abin yana burge ni. Ita kuwa haushi yake ba ta.

"Maigida," ta ce masa wata rana da yamma yana wanke safarsa, "me ya sa da an ba ka sai ka ba wani? Rowa ma ba ka iya ba?"

"Kaka, haka koci ya ce."

"Shi kocin da aka ba shi aikin nan, wani ya miƙa wa?"

Bara, a lokacin hutu, Yaya ya zo, ya zauna a tsakar gida ya yi maganar da ta canza komai. Ya ce yaro ya kai shekara goma sha huɗu, ba zai zuba ido ƙwallo ta cinye masa ƙuruciya a banza ba. Idan aka yi tankaɗen bana aka riƙe shi, to, ya ci gaba. Idan aka sallame shi, zai zo ya tafi da shi can wurinsa ya koyi walda. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma gaskiya ban ga laifinsa ba. Goggo ba ta ja da shi ba, ɗa nasa ne. Amma tun daga ranar kallonta ya sauya. Ta daina tambayar Tsinke da Taɓarya. Har ta fara kashe inji da kanta idan ta ji usur, abin da ba ta taɓa yi ba, masu niƙa suna tsaye suna gunaguni tana cewa injin ne ya yi zafi. Ta dawo tana tambayata abubuwan da a da take yi wa dariya, wane ne yake yanke hukunci, me yake dubawa, ko yana ganin yaro mai yawan kyauta da ƙwallo a matsayin rago. Tsoro ne ya kama ta, kuma ba ta ɓoye min ba. Ta ce, "Ɗan nan, idan aka tafi da shi, da wa zan yi faɗa?"

Ranar tankaɗe an rufe ƙofar filin, ba a yi wasa ba, yaran suna cikin ofis. Ni na tafi kasuwa sayo kayan gyara. Inji yana ta ruri, sai ga mai kula da kayan akademi, wanda yakan kawo mata niƙan gidansa, ya tsaya a kan babur ko sauka bai yi ba, ya kwaɗa mata kira.

"Mama! An yi tankaɗe! Naki ya rage a rariya!"

Ya ɗaga mata hannu ya ja babur ɗinsa.

Ga wadda ta ƙare rayuwarta tana tankaɗe, maganar nan ba ta da fassara biyu. Gari mai kyau shi ke ratsa rariya ya sauka a kwano. Abin da ya rage a sama tsaki ne, wanda bai niƙu ba. Da na dawo na same ta inji a kashe, ga wuta, ga layin kwanuka, tana zaune ta juya wa filin baya. Ta maimaita min kalmomin mutumin ɗaya bayan ɗaya. Ni ma a gidan niƙa na girma, haka na fahimta. Sai na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Maigida bai dawo ba sai gab da faɗuwar rana. Ya shigo kansa a sunkuye, takalmansa a rataye a wuya, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki bai ko cire safa ba. Ganinsa a haka ya ƙara tabbatar mana. Ina tsugunne ina wanke hannu, ina jin su.

"Na ji," in ji Goggo.

Ya ɗago da sauri. "Wa ya faɗa miki?"

"Mai kayanku. Ba sai ka wahalar da bakinka ba."

Ya shiga murza igiyar takalmi. Can ya ce, "To, kin yarda in tafi?"

"Ina da ta cewa ne? Na yarda. Zan wanke maka kaya."

"Kaka, zan riƙa zuwa hutu."

"Ka zo ko kar ka zo, ni na huta da wankin safa mai wari."

Ta tashi ta shige ɗaki da sauri, ta bar shi a nan. Ni ma na sulale, don ban iya kallon yaro yana haɗiye kuka ba.

Washegari da hantsi ta leƙo shagona. Da ƙyar na gane ta. Ta wanke girarta, ta sa kayanta na zuwa unguwa, ta kulle shagon niƙa da kwaɗo.

"Tashi ka raka ni wurin kocin nan."

"Goggo, ai sun riga sun yanke. Ba a roƙo a irin wannan."

"Ban tambaye ka ba. Tashi."

Haka muka zagaya katangar da ta shekara tana kallon gindinta, muka shiga ta ƙofar gaba. Yaran suna motsa jiki a gefen fili. Goggo tana tafe idonta a ƙasa, ni na ɗauka kunya ce, ashe neman mutanenta take yi. Sai ta ja ta tsaya a gaban wani yaro, ta bi shi da kallo daga ƙwauri zuwa sama a hankali.

"Taɓarya!" ta ce da muryarta ta gidan inji. "Kai ne da wannan fuskar ta jarirai?"

Yaron ya yi tsuru-tsuru. Ta juya ga na kusa da shi. Tsinke, wanda ta daɗe tana cewa a ƙara masa abinci, ashe dogo ne har ya fara gemu, sai da ta ɗaga kai kafin ta ga ƙarshensa. Mai Tabo kuwa ta kama hannunsa ta tambaye shi ciwon da ya yi bara. Yaran suka kewaye mu, sun rasa yadda aka yi tsohuwar da ba su taɓa magana da ita ba ta san wanda ya taɓa gurɗewa da wanda yake aron takalmi. Na ga tana ta kallon fuskokinsu kamar tana so ta haddace, har ta ɗan manta abin da ya kawo ta. Maigida yana can baya, ya daskare da mamaki.

Koci ya taho, wani mutum mai furfura kaɗan da usur a wuya. Goggo ta dubi fararen takalmansa, ta dube shi.

"Ashe kai ne. Kullum ina cewa wannan me yake yi a fili, ba ya gudu, sai kai da komo."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa dariya ya yi, ya gaishe ta da ladabi, ya sa aka kawo mata kujera a inuwa. Ta ƙi zama.

"Malam, roƙo na zo yi, kuma ban iya kwana-kwana ba. Ni mai niƙa ce. A wurinmu idan tsaki ya rage a rariya ba ma zubarwa. Mayar da shi muke yi cikin inji, a karo na biyu sai ya fita gari. Yaron nan bai niƙu ba, na yarda. Laifinsa ɗaya, da an ba shi sai ya ba wani, kuma ya ce kai ka sa shi. Ka mayar min da shi shekara guda. Idan ka sallame shi ubansa zai ɗauke shi, ni kuma ba ni da kowa a ɗakin nan sai shi."

Koci ya dube ni, ya dube ta. "Mama, wa ya ce an sallame shi?"

"Mai kayanku. Ya ce ya rage a rariya."

"To ai shi ne. Ya rage. Mun riƙe shi."

Koci ya ga ba mu gane ba, sai ya haɗa tafukansa yana girgizawa. "Ki duba, Mama. Idan mun girgiza, waɗanda suka zube ƙasa su ne suka tafi. Waɗanda suka rage a hannunmu su ne namu. Naki yana cikin na farko da muka zaɓa, kuma saboda wannan ba da ƙwallon da kike faɗa."

Goggo ta dubi hannuwansa da ke girgiza iska, ta ce, "Wa ya koya muku tankaɗe?"

Yaran suka fashe da dariya, koci ma har da riƙe ciki, mai kula da kaya da aka kira yana ta rantsuwa shi albishir ya kai. Goggo ta zauna a kujerar da ta ƙi ɗazu, tana dariya tana share ido da bakin mayafi, tana cewa duk garin nan a rasa mai gaya musu tsaki suke tarawa. Ban taɓa ganin farin cikinta irin na wannan lokacin ba. Ta nuna ni da yatsanta karkatacce ta ce, "Kai kuma masanin ƙwallo, kana tsaye." Ni kuwa bakina har kunne.

Ni na fara lura Maigida ba ya dariya.

Koci ma ya lura. Ya sallami sauran yaran, ya jawo benci ya zauna kusa da ita, ya ɗaga murya yadda za ta ji.

"Mama, da na gan ki na ɗauka maganar tafiyar ce ta kawo ki. Bai faɗa miki ba?"

"Wace tafiya kuma? Ba ka ce kun riƙe shi ba?"

Sai ya yi mata bayani. Wannan filin na ƙanana ne. Waɗanda aka riƙe a shekarun Maigida ba a nan suke ci gaba ba, sansanin kulob ake kai su, can wani gari mai nisa, inda za su kwana, su yi karatu, su yi horo, sai hutu su zo gida. Jiya bayan tankaɗe abin da aka zaunar da su aka gaya musu ke nan, aka ce kowa ya je ya nemi yardar gida.

Goggo ta daina share ido. Ta kira yaron da hannu, ya matso.

"Maigida, jiya da ka ce ko na yarda ka tafi, nan kake nufi?"

"E, Kaka. Na ɗauka kin sani."

Koci mutumin kirki ne, ya ga halin da take ciki. Ya ce, "Mama, ba ma ɗaukar yaro sai da yardar wanda ya riƙe shi. Idan ba ki so, zan bar shi a nan wurina shekara guda tare da na bayansa. Ba sallama ba ce, babansa ba zai ce an sallame shi ba. Sai dai ba zan yi miki alkawarin gurbinsa zai jira shi baɗi ba, don wasu na tasowa. Shekarar da kika zo roƙo, ga ta. Ke za ki ce."

Abin da ta wanke gira ta kulle shago ta zo nema ke nan, an ajiye mata a gaba, ba wanda zai zarge ta idan ta ɗauka. Ni kaina so nake ta ɗauka. Ta daɗe tana kallon yaron.

"Kana so?" ta tambaye shi.

Idonsa ya cika, amma bai ce a'a ba. Ta jira shi, ta ba shi lokaci mai yawa ya ce a'a.

"To," ta ce. "Jiya na ce na yarda. Ba na magana biyu." Ta juya ga koci. "Tambaya ɗaya gare ni. Wa ke tashinsu da safe?"

"Akwai ƙararrawa, Mama."

"Ƙararrawa ba ta tashin wannan. Ko kwano ka buga a kansa ba zai motsa ba. Sai an sa masa hannu a goshi an ɗan jima. Akwai mai yin haka a can?"

Koci ya sunkuyar da kai. "Gaskiya babu. Yaran suna da yawa."

"Wanda ya makara fa?"

"Akan yi haƙuri da shi sau ɗaya, sau biyu. Bayan nan sai a ga kamar bai damu ba."

Goggo ta miƙe, ta gyara mayafi. "Ka ji, Maigida. Daga gobe ba ni ba tashinka. Ka koya kafin ka tafi."

Da ta faɗa na ɗauka irin maganganunta ne. Washegari na fito daga ɗakina rana ta riga ta hau katanga, daga nesa ina jin usur ɗin farko daga fili. Goggo tana tsaye a ƙofar ɗakin yaron, ta ɗaga labule da kafaɗa. Agogon da na ba shi aro yana ta ƙara a gefen filo, shi kuwa yana sharar barci, baki a buɗe. Ta mayar da hannuwanta baya, ɗaya ya damƙe ɗaya gam, har jijiyoyin sun fito.

Na matso na ce, "Goggo, zai makara fa. Bari in taɓa shi."

"Kar ka kuskura," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Bar shi ya makara a nan, inda ake sonsa."

Muka tsaya mu biyu a bakin ƙofa muna jira, agogo yana ta ƙara.